Yadda Ɗanmaliki Ya Ƙara Wa Taurari Gudu

Duk wanda ya san kasuwar Lolo ya san rumfar Ɗanmaliki, ko da bai taɓa kai masa gyara ba, don tun daga bakin ruwa ake jiyo muryarsa. Mai gyaran injin ban ruwa ne, ɗan gidan maƙera, kuma a faɗarsa har yau ba a ƙera injin da zai gagare shi ba. Ni tela ne, rumfata tana jikin tasa, shekara tara ke nan ina shan hayaƙinsa da cika-bakinsa. Tsakani da Allah ya iya aiki. Ciwonsa ɗaya ne: lafiyar inji a wurinsa ita ce gudu da ƙara, duk injin da bai cika kunne ba mara lafiya ne.

Matarsa Munawwara tana da ƙane, Shamsuddeen, malamin makaranta a Bagudo, wanda kallon taurari ya shiga ransa. Yana da madubin hangen nesa, dogo kamar taɓarya, a kan ƙafa uku. Bara ya so ya nuna wa mahaifinsu, Baba Cindo, wani tauraro mai zobe da ake kira Zuhal. Baba Cindo tsohon masunci ne a wata tunga, ɗan ƙauye ƙetaren ruwa, da taurari ya yi ta gane hanya a cikin jirgi tun yana saurayi. To, tauraro ba ya tsayawa a cikin madubi, kafin ka ƙirga sittin ya zame ya fita. Shi kuwa tsoho kafin ya ajiye sanda, ya tattare riga, ya sunkuya, ya lalubo ɗan ramin da ido, tauraro ya yi gaba. Sau bakwai ana yi. A na bakwai ya miƙe ya ce duhu kawai yake gani, a daina wahal da shi.

Abin ya ci wa Shamsuddeen rai ƙwarai, ga shi kuma cutar yanar ido ta soma kama tsohon, kowane wata ganinsa raguwa yake. Shi ya sa ya yi odar wani ɗan inji, bai fi gwangwanin madara ba, wanda ake ɗaurawa a wuyan madubin ya riƙa juya shi yana bin tauraro, ko tsoho zai yi awa guda yana sunkuyawa ya tarar da shi yana nan. Ta Kwatano kayan suka biyo, Yero ɗan kabu-kabu ya shigo da su daga ƙetaren iyaka. Shamsuddeen ya zo ya harhaɗa, ya gwada, ya yi ta murna, sannan ya bar komai a ɗakin yayarsa ya koma bakin aiki. Ya ce ranar kasuwa zai ƙetara ya ɗauko Baba, a nuna masa bayan magariba.

Kwana huɗu ke nan tsakani. Ɗanmaliki kuwa tun da ya ji kalmar inji barci ya ƙaurace masa.

"Maigida, amana ta," in ji Munawwara. "Ya ce ko ƙura kar a share mai."

"Halan ni ƙura ta? Dubawa kawai za ni yi."

"Duba na ka yi ma rediyona, yau shekara biyu ba ta magana sai tari."

"Wagga rediyo da ciwonta taz zo."

Ta kulle ɗaki, ta ɗaura makulli a bakin zane, washegari ta tafi bikin suna garin Matsinkai, kwana uku za ta yi. Ta manta wa take aure. Bai taɓa kwaɗon ba ko da yatsa, ƙofar ya kwance gaba ɗaya ya jingine ta a bango da kwaɗonta a kulle.

Da hantsi sai ga shi da madubi a kafaɗa. Ya kafa shi a gaban rumfa, ya danna maɓalli. Wata 'yar wuta ja ta kama, aka ji ƙis, ƙis, ƙis can ciki. Muka zuba ido. Na gama ɗinkin wando guda, madubi bai motsa ba. Na gama na biyu, yana nan inda yake.

"Tela, ka gani?" ya ce da ni. "An cuci yaro. Gawa anka saida mai."

Ana haka Yero ya tsaya da babur ɗinsa. Bafillace ne, kun kuwa san tsakanin Fulani da maƙera ba a gaisuwa sai da tsiya. Yana ɗan karanta Faransanci saboda zirga-zirgar iyaka, sai ya ɗauki takardar da ta zo a kwalin ya yi ta bin ta da yatsa.

"Kai maƙeri, bawana, lahiyatai lau. An rubuta nan, zagaye guda shika yi cikin kwana guda, daidai da tahiyar sama."

"Zagaye guda a kwana guda? Ko kunkuru mai ciwon ƙahwa ya hi haka!"

"Haka anka yi shi."

"Haka anka ɓata shi. Kai da ka tashi kana bin gindin saniya, ina kas san gudu? Tsaya ka ji lissahi. Taurari nawa a sama?"

"Wa ya ƙirga?"

"To, in tauraro guda za a bi dare guda, yaushe Baba za shi gama? Ni in na gyara shi, cikin minti biyar ya gane su duka, har da waɗanda Shamsu bai sani ba. Ranar za shi san irin surukin da Allah Ya ba shi."

Nan ne gizon yake saƙa. Baba Cindo bai taɓa yaba wa Ɗanmaliki ba, in za a ambace shi ma cewa yake "mai hayaniyar nan na Lolo". Shi kuma Ɗanmaliki kunyar tsohon yake ji kamar me, in ya hango shi a kasuwa sai ya cire takalmi ya durƙusa daga nesa, bai taɓa yarda sun haɗa ido ba.

Ya sa sukudireba ya buɗe cikin injin. Sai ga ƙananan giya jere, wannan na cizon wancan. Ya kira mu shaida. "Ku dubi mugunta! Haƙora goma sha biyu, kowane aikinai shi hana ɗan uwanai gudu." Ya zare uku ya jefa a gwangwanin kusoshi. Inji ya ce wiii, madubi ko gezau. Ya ce abinci ne ya yi masa kaɗan, waɗannan 'yan batiran na tocila ba za su riƙe cikin inji ba. Kafin Yero ya buɗe baki ya jawo waya daga batirin babur ɗinsa ya jona. Muka ji ɗas, wani siririn hayaƙi ya tashi, wari ya cika layi, 'yar jar wutar ta mutu.

"Ya mace," in ji Yero.

"Ya huta. Dama na gaya muku gawa ta."

Ni dai sai na tuna fuskar Shamsuddeen ranar da ya buɗe kwalin. Na ce, "Ɗanmaliki, ka maida kayan mutane, ka kira shi ka ba shi haƙuri." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce in ci gaba da ɗinkin wando, in bar sama ga masu ita.

Rana ta biyu ya je bayan tasha ya ciro injin wayifa, mai share gilashi, daga wata matacciyar mota. Ya ɗaure shi da waya da robar tayar keke, ya jona. Wannan karon madubi ya motsa, ba ƙarya. Ya juya dama, ya dawo hagu, dama, hagu, bai fasa ba. Mutane suka taru. Dela mai soyayyen kifi ta ajiye tirenta ta matso, ta riƙe ƙugu.

"Madubi, don Allah in tambaye ka. Ɗanmaliki ya iya gyara?"

Madubi ya girgiza kai.

"Da izinin mai shi anka hiddo ka?"

Madubi ya girgiza kai.

"Munawwara za ta bar shi da rai?"

Wallahi har da masu faɗuwa ƙasa. Wani dattijo mai sayar da igiya ya yi dariya har goro ya sarƙe shi, sai da aka bubbuga masa baya. Ɗanmaliki ya ce mu jahilai ne, neman tauraro madubin yake yi, duk mai neman abu ai sai ya waiga. Amma ya tsinke wayar da sauri.

Rana ta uku fanka ce. Ya kwance kan fankar gidansa ya ɗaura, muka zauna jiran wuta tun safe. Ana kiran la'asar aka kawo ta ba sallama, lokacin shi yana bayan rumfa yana alwala. Madubi ya shiga juyi shi kaɗai, yana naɗe wayar a ƙafafunsa, ya naɗe, ya naɗe, sai ya tafi luu ya faɗo cikin rumfata. Allah Ya sa a kan tulin yadin makaranta ya sauka. Ɗanmaliki ya rugo da ƙafa ɗaya a wanke, ya ɗaga shi, ya hura masa iska, ya ce yanzu ya gano matsalar: duk waɗannan injuna na yara ne, kuma ƙafafun ba su da nauyi.

Daren nan har na rufe rumfa ina jin ƙarar guduma. Da gari ya waye, ranar kasuwa, sai ga mai shela yana zagayawa: "Ana gaishe ku! Injiniya Ɗanmaliki na gayyatar kowa bakin ruwa bayan la'asar! Za a ga taurari duka, kyauta, ba turereniya!"

Kasuwar Lolo kuwa kun san ta. Masu albasa, masu shinkafa, Dandawa da Zabarmawa daga ƙetare, Fulani da ƙoren nono, kowa ya bar kayansa ya gangaro. Muka tarar ya kafe ƙafafun madubin a kan wani faffaɗan katako da ƙusa, ya ɗaura wilin keke a wuyansa, ya ja bel daga wilin zuwa injin ban ruwa mai ƙarfin doki shida. Ya sa babbar riga da jar hula, ya hau kan buhun albasar wani.

"Injiniya," wani ya ɗaga murya, "rana hwa ba ta hwaɗi ba. Ina taurarin?"

"Suna nan, ɓoyo su kai. Injin Shamsu na jiran dare, nawa ba shi jira."

"Wa za shi sa ido?" in ji Dela.

"Wanda ya riga."

Babu wanda ya riga. Kowa ya ja baya taku biyu. A daidai nan Munawwara ta ratso taro, mayafi a hannu, ko gida ba ta zauna ba, ta ga ƙofarta a jingine ta biyo sawu.

"Maigida! Mi nika gani haka?"

"Ci gaba na, uwargida. Matsa gehe."

"Ina ɗan injin Shamsu?"

"Ya yi ritaya."

"Na rantse in ka ja igiyar nan..."

Ya riga ya ja. Inji ya yi tari, ya yi tari, ya kama da wata irin ƙara. Zagaye na farko a hankali madubin ya yi shi, har aka soma tafi. Na biyu ya kwashe jar hular Injiniya ya aika da ita cikin kwandon tumatir. Na uku ban gan shi ba, don daga nan ba a ganin madubi, sai wani farin faifai yana kuka a iska. Katakon ya fara tsalle yana tafiya da kansa, ya nufi 'yan kallo. Aka watse. Tiren Dela ya tashi sama, kifi ya zubo kamar ruwa. Jakin mai itace ya tsinke igiya ya ratsa ta cikin 'yan nono, wata Bafillata ta bi shi da ludayi tana zagin maƙeran duniya. Yero ya haye rufin wata rumfa yana ihu, "Ga Zuhal can ya wuce! Ga wani! Bawana, rage gudu, ban ƙirga ba!"

"Kashe shi!" in ji Munawwara.

"Bai kai ga gudunai ba tukuna!" in ji Ɗanmaliki, yana zagaya injin yana neman maɓallin da shi da kansa ya cire jiya don ya ce yana rage ƙarfi.

Sai bel ya kama bakin babbar rigarsa. Kafin ka ce me, riga ta bi bel, Injiniya ya tsaya daga shi sai singileti da wando a tsakiyar kasuwa. Rigar ta cushe wili, wili ya tsaya cak, madubin kuwa bai san an tsaya ba. Ya kuɓuce daga mazauninsa ya tashi sama, ya yi wani dogon lilo ta kan masu wankin albasa, ya nufi kogi.

A lokacin wani jirgi yana matsowa gaɓa. Shamsuddeen na tuƙi, Baba Cindo na zaune a tsakiya da tulin taru a gabansa, ya kawo a sayar masa. Madubi ya sauka cikin tarun nan, tim, jirgi ya yi tangal-tangal ya daidaita. Kasuwa ta yi tsit, ba ka jin komai sai injin ban ruwa yana cin sauran riga. Tsoho ya miƙa hannu ya shafa abin da ya faɗo masa.

"Shamsu, wanga ba bututunka na ba?"

"Shi na, Baba."

"Kai ka ce mu za mu ishe shi. Ashe shi ka tarbon baƙi?"

Shamsuddeen bai yi dariya ba. Ya fito ya duba gilashin, bai fashe ba. Ya tambayi injinsa, Yero ya sauko ya miƙa masa gwangwanin kusoshi da ɗan ƙonannen abin a ciki. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce a hankali, kafin wani injin ya iso daga Kwatano sai an yi wata biyu, lokacin Zuhal ya bi rana ya ɓace, baɗi kuma wa ya san abin da idon Baba zai gani. Munawwara ta sa mayafi ta rufe fuska. A nan dariya ta ƙare mini, na ji kunya kamar ni na yi.

Ɗanmaliki yana durƙushe can nesa, ya rungume ƙirji da hannu biyu, kansa a ƙasa. "Ai ƙarhin..." ya fara, matarsa ta dube shi, ya haɗiye sauran.

"Shamsu," ta ce, "ba wata dabara?"

Ya juya wuyan madubin yana dubawa. Sabon wuyan da ya zo tare da injin yana da wani ɗan mariƙi a ƙasa, na juyawa da hannu, shi kaɗai Injiniya bai taɓa ba don bai ga waya a jikinsa ba. Shamsuddeen ya ce zai yiwu, amma sai mutum biyu. Shi zai tsaya a ɗan ƙaramin madubin saiti na gefe yana faɗa, wani kuma ya tsuguna a ƙasa, dab da gwiwar mai kallo, yana murzawa sannu sannu ba tsayawa, ba gaggawa.

"An samu," in ji Munawwara, tana nuna mijinta.

"Uwargida, gaban Baba? Jiki da jiki? Ki tuna hwa surukina na!"

"Da ka tuna."

Bayan magariba aka kafa madubi a kan yashi, aka saita wuyansa arewa. Rabin kasuwa ba su tafi gida ba. Na ara wa Ɗanmaliki wata rigar da mai ita bai zo karɓa ba, ta ɗame shi. Ya tsuguna, ya kau da fuska gefe, kafaɗarsa na gogar gwiwar surukinsa, gumi na zuba. Baba Cindo ya ajiye sanda. Ya tattare riga. Ya sunkuya.

"Murza," in ji Shamsuddeen. "Kai! Ya wuce! Dawo. A hankali."

"A hankali, Injiniya!" kasuwa ta amsa baki ɗaya.

"Ka cika sauri," in ji Shamsuddeen. "Rage. Rage kuma."

"In na rage haka ai tsayawa ta!"

"To haka nika so."

Sauro ya samu nama, ba hannun kore shi. Yero ya tsuguna kusa yana yi masa ƙis, ƙis, ƙis a kunne. Ɗanmaliki ya cije leɓe yana murzawa. Tsoho ya lalubi ramin da idon dama, ya ce duhu. Ya juya na hagu. Ya manna shi sosai a ramin.

"La ilaha illallahu," ya ce. "Shamsu. Malhwa gare shi. Tauraro da malhwa!"

"Zoben ke nan, Baba."

"Shekara sittin ina tahiya ƙarƙashinai, ban san da ado shike ba."

Ya ɗago ya share ido da bakin riga, ya sake sunkuyawa da irin jinkirin nan nasa, ya tarar da shi yana nan. Sai ya yi dariya kamar yaro. Munawwara tana kuka tana dariya. Aka ce za a yi layi, tsoho ya ce kowa ya jira, shi bai gama ba. Har aka kira isha bai gama ba.

Can Shamsuddeen ya ce, "Baba, in Allah Ya so zan sake yin odar wani injin."

Tsoho bai ɗaga ido daga madubin ba. Ya miƙa hannu ƙasa ya dafa kan Ɗanmaliki, karo na farko tun da aka ɗaura auren ɗiyarsa.

"Bar kuɗɗinka. Wanga ya isa, ana yi mai magana shi ji. Kowace kasuwa ina nan tahe har tauraron shi ɓace." Ya ɗan bubbuga kan. "Yaro, kai ka gane shi kuwa?"

"A'a, Baba."

"Kayya, ka yi hasara. Murza."